Daga Stuttgart Zuwa Tsaunukan Schwarzwald a Cikin Porsche 911

Yayana ya daɗe a Stuttgart ta ƙasar Jamus, injiniya ne a wani kamfani da ke ƙera sassan mota. Ya san tun ina yaro ba ni da hira sai ta mota, don haka da na kai masa ziyara cikin watan Satumba sai ya yi mana hayar Porsche 911 Carrera S, aka rubuta sunayenmu mu biyu a takardar tuƙi. Tun a gida ya gindaya mini sharaɗi. Ya ce, "Ba gudu na ɗauko maka ita ka gani ba. Gudu kowace mota tana yi a ƙasar nan. Ƙafarta nake so ka ji." Abin da makanikanmu ke kira ƙafar mota yake nufi, wato sifirin da shokabzoba da duk ƙarafan da suka haɗa taya da gangar jiki.

Kafin mu karɓi mota sai da muka shiga gidan tarihin Porsche da ke unguwar Zuffenhausen, daura da masana'antar da har yau a cikinta ake harhaɗa 911. An buɗe gidan a 2009. Motoci ne birjik, amma wadda ta tsayar da ni ita ce wata 959 da aka ɗaga ta sama sosai, aka sa mata tayoyin sahara. Irinta ce ta lashe tseren Faris zuwa Dakar na 1986 a hannun René Metge, Jacky Ickx ya zo na biyu a cikin 'yar'uwarta, kuma tseren wancan shekarar ya ratsa Aljeriya da Nijar da Mali. Na daɗe ina kallonta, ina tuna cewa ƙarfen nan ya sha ƙurar ƙasar maƙwabtanmu. Yaya ya ja ni zuwa 959 ta kan titi, ya nuna mini cewa tun a wancan zamanin direbanta yana iya zaɓar tsayin motar daga ƙasa da taurin shokabzoba yana zaune a kujerarsa. Zaɓin taurin nan shi ne abin da za mu gwada, bayan kusan shekara arba'in ana gyara shi.

Motar da aka ba mu ƙirar da ake kira 992 ce, wadda aka fara nunawa a ƙarshen 2018. Inji lita 3, silinda 6 a kwance, turbo biyu, ƙarfin doki 450, giya 8 mai canza kanta da kuloci biyu, wadda kamfanin ke kira PDK. Injin yana can bayan tayoyin baya, idan ka buɗe gaba ma'ajiyar kaya za ka tarar. Saboda haka wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinta a baya yake, kuma wannan shi ne halin 911 tun da aka fito da ita a 1963.

Abu biyu ma'aikacin kamfanin hayar ya nuna mana da yatsa. Na farko wani ɗan kewayayyen mamurɗi ne a jikin sitiyari, ƙasa kaɗan ta hannun dama. Kana murɗa shi sunaye na bayyana a gabanka: Wet, Normal, Sport, Sport Plus, Individual. Na biyu maballi ne a jerin da ke ƙarƙashin allon tsakiya, an zana hoton shokabzoba a kansa. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce in riƙe wannan a raina: mamurɗin daban, maballin daban. Muka karanta addu'ar hawa abin hawa, na tayar.

A Normal muka fita gari muka hau babbar hanyar A8 mai zuwa Karlsruhe. Duk wanda ya kalli tayoyin motar nan, inci 20 a gaba, 21 a baya, robar gefensu siririya kamar an shafa ta, zai zaci haƙoransa za su yi ta haɗuwa. Ba haka ba ne. Idan muka hau gaɓar gada ana jin ta, dum, sau ɗaya, shi ke nan, motar ba ta sake rausayawa. Giya kuwa tana saurin hayewa zuwa ta bakwai da ta takwas, injin ya yi ƙasa da murya, har muna hira ba tare da ɗaga sauti ba. Wajen Pforzheim muka tarar da aikin hanya, aka matse layuka, kowa ya bi a hankali. A nan Yaya ya tuna mini cewa garin nan ne Bertha Benz ta tuƙo motar da mijinta Carl Benz ya ƙera zuwa cikinsa daga Mannheim a watan Agustan 1888, tafiyar sama da kilomita 100, lokacin da ba a san mota za ta iya nisa ba. Daga Karlsruhe muka karya kudu ta A5 zuwa Baden-Baden.

Garin masu kuɗi ne da tsofaffi masu zuwa wankan ruwan ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, tun zamanin Rumawa ake yin haka, kuma a 2021 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ba mu daɗe ba. Abin da na riƙe daga can wani ɗan titi ne da aka shimfiɗa da ƙananan duwatsu. Yaya ya ce in rage gudu in danna maballin shokabzoba. Nan take kujera ta fara isar mini da kowane dutse ɗaya bayan ɗaya, kuɗin ƙarfen da ke cikin ma'ajiyar kofi suka fara kaɗawa. Na sake dannawa, suka yi shiru. Gudu bai canza ba, titi bai canza ba. Wannan ne karon farko da na ji a jikina cewa maballin nan ba ado ba ne.

Daga Baden-Baden hanyar B500 ke fara hawa. Ita ce sananniyar hanyar kan tsaunukan dajin Schwarzwald, wajen kilomita 60 zuwa Freudenstadt. Ka wuce Lichtental da Geroldsau, gidaje su ƙare, dogayen itatuwa masu duhun ganye su rufe ka hagu da dama, hanya ta fara nannaɗewa tana hawa. A nan na murɗa zuwa Sport.

Abin da ya fara canzawa totur ne. A Normal sai ka taka da ɗan nisa kafin ta amsa da ƙarfi, a Sport kuwa kana motsa yatsun ƙafa ta ji. Giya ta daina gaggawar hayewa, tana riƙe ta uku ko ta huɗu tana jira. Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin shiga kwana: ina taka birki sai ta sauke giya da kanta, injin ya ɗan yi gurnani don ya daidaita juyinsa da na tayoyi, ta yadda ina fitowa daga kwanar ƙarfi yana nan a shirye. Wani bawul a salansa ya buɗe, murya ta yi kauri. Na ce, "Yaya, kamar an ƙara mata doki." Ya girgiza kai. Ya ce 450 ɗin nan su ne a Normal, su ne a Sport, babu ko ɗaya da ya ƙaru. Bambancin kawai yadda ake miƙo maka su ne, da wuri ko da jinkiri. Kuma ya sa na lura cewa fitilar maballin shokabzoba ba ta kama ba: inji ya zafafa, ƙafa tana nan da laushinta.

A gaskiya hanyar ba ta gudu ba ce. Dokar Jamus a wajen gari kilomita 100 ce a awa, a wurare da yawa na B500 an rage zuwa 70, ga kyamarorin kama masu wuce ƙa'ida, ga masu keke suna hawa da guminsu a gefen hanya, ga babura. Tun 2017 kuma tsere a kan titin jama'a ya zama babban laifi a ƙasar, har ga wanda yake shi kaɗai yana neman ƙure malejin motarsa da ganganci. Amma kwana mai kyau ko a 60 tana gaya maka halin mota. Ba sai ka karya doka ba.

Muka tsaya a tafkin Mummelsee, ɗan ƙaramin tafki mai baƙin ruwa a tsayin sama da mita 1,000, a gindin Hornisgrinde, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a arewacin dajin, mita 1,164. Ta yamma ana hango kwarin kogin Rhine a shimfiɗe, can bayansa tsaunukan Faransa. Akwai shaguna masu sayar da agogunan katako da burodi mai zafi daga tanderun itace. Musulmin da zai je ya sani, shahararren kek ɗin yankin da barasar 'ya'yan itace ake yin sa, shahararren busasshen namansu kuma na alade ne. Burodi da cuku da shayi muka saya, muka zauna a benci.

A bayan rasit ɗin burodin Yaya ya zana mini abin. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota. Idan taya ta hau tudu sifirin ya matse, sannan ya sake, kuma in an bar shi haka zai yi ta lilo. Shokabzoba ne ke kashe lilon. Bututu ne cike da mai, da fistin a ciki mai ƙananan ƙofofi. Duk motsin taya sai ya tilasta wa man nan bi ta ƙofofin, ƙarfin motsin ya koma zafi ya baje. Ƙofa ƙarama, mai ya wuce da ƙyar, ƙafa ta yi tauri. Ƙofa babba, ya wuce da sauƙi, ƙafa ta yi laushi. A motar yau da kullum masana'anta ce ke zaɓar girman ƙofar sau ɗaya, da shi za ka zauna har shokabzoban ya mutu. A wannan kuwa bawul ne da lantarki ke matsewa ko sakewa, kowace taya da nata, kwamfuta tana karanta motsin gangar jiki da juyin sitiyari da ƙarfin birki tana gyara su sau da yawa cikin daƙiƙa guda. PASM suke kiran tsarin, ya shigo 911 a 2004.

Ya ƙara da abin da mutane da yawa ba su sani ba. Sifirin ɗin 911 na ƙarfe ne, maballi ba ya taɓa shi, kuma motar ba ta sauka ko ta tashi don ka danna. Masu yin haka su ne masu jakar iska a madadin sifirin, irin wasu Cayenne da Panamera na kamfanin Porsche ɗin. Sannan maballin ba wai tsakanin tauri ɗaya da laushi ɗaya yake zaɓa ba. Ko a mai laushin, in ka shiga kwana da ƙarfi kwamfuta za ta taurara na ɗan lokaci. Ko a mai taurin, in ta ji hanya ta lalace za ta ɗan sassauta. Kai dai kana gaya mata inda za ta fi karkata ne.

Na tambaye shi, to in haka ne me zai hana a bar ta a mai tauri kullum idan ana son riƙon hanya? Ya ce in tuna mai tallan nono. Tana tafe a kan kunyoyin gona da ƙwarya cike a ka, ƙafafunta na hawa suna sauka, gwiwa da ƙugu suna shanye rashin daidaiton ƙasa, nonon bai zuba ba. Da za a ɗaure mata gwiwoyi su sandare, taku uku ba za ta yi ba. Aikin ƙafar mota ke nan: taya ta bi ƙasa duk inda ta yi, gangar jiki ta zauna daidai. Ya ninke rasit ɗin ya ce, "Tashi mu je ka ji da kanka."

Daga Ruhestein akwai wata siririyar hanya da ke gangarawa zuwa Allerheiligen, inda kangon wani tsohon gidan ibadar Kirista yake, da ruwa mai zubowa daga duwatsu. Hanya ce ta cikin daji, kwana a kan kwana, kuma sanyin hunturu ya taɓa ta. A irin tsayin nan ruwa kan shiga tsagar kwalta, ya daskare, ya kumbura, ya fasa ta, sai a zo a yi faci. Facin yana da kyau, amma faci faci ne, yana da baki. Muka zaɓi wani yanki da babu kowa, muka riƙa bin sa muna juyowa, gudu ɗaya, cikin ƙa'ida, abin da ke canzawa kawai mamurɗi da maballi.

A Sport Plus motar ta zama wata halitta. Fitilar shokabzoba ta kama da kanta, giya ta sauka ƙasa ta ƙi hawa, injin yana ta kuka a saman juyinsa, har maƙallan da ke riƙe da injin a jikin mota sun taurara don kada nauyinsa ya yi ta kai-kawo a baya. Inda kwalta take sumul abin gwanin daɗi ne. Ka juya sitiyari, hancin motar ya shiga nan take, babu jinkiri, babu kwanciya gefe. Amma akwai wata kwanar hagu mai faci biyu a jere daidai tsakiyarta. Da tayoyin baya suka hau su sai na ji bayan motar ya yi ɗan tsalle, ya matsa gefe kamar faɗin yatsu, sitiyari ya yi sauƙi a hannuna na ƙiftawar ido, sannan komai ya koma daidai. Ba abin tsoro ba ne a gudun da muke. Amma na fahimci abin da ya faru: na wani ɗan lokaci nauyin da ke danne tayar a ƙasa ya ragu, riƙonta ya ragu tare da shi.

Muka dawo, na bar mamurɗi a Sport Plus, na kashe maballin shokabzoba kaɗai. Kwana ɗaya, faci ɗaya, gudu ɗaya. Motar ta ɗan kwanta gefe fiye da ɗazu, kaɗan ƙwarai. Na ji facin a ƙarƙashina, tayoyi suka hau suka sauka, bayan motar bai gusa ba, nauyin sitiyari bai canza ba tun daga shiga har fita. Na iya taka totur da wuri domin na yarda da abin da ke ƙarƙashina. Yaya bai ce komai ba, ni ma ban ce ba, sai da muka kai wurin juyawa na ce, "Yaya, ashe mai laushin ya fi riƙo." Ya ce, "A nan. Kada ka ce ko'ina."

Wannan gyaran nasa yana da muhimmanci. Tauri yana da wurinsa. A filin tsere mai santsin shimfiɗa, inda mota ke sauya gefe da sauri daga kwanar dama zuwa ta hagu, ana so nauyi ya koma inda za shi nan da nan ya zauna, ba ya tsaya yana tangaɗi ba. Don irin wurin aka yi Sport Plus, da agogon auna daƙiƙoƙi da ke saman dashbod. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne tunanin da ya zama ruwan dare tsakanin masu son mota, cewa duk abin da ya fi girgiza ka shi ya fi gudu. Jiki ne ke ruɗin mutum. Girgiza da ƙara suna sa ka ji kamar kana tashi sama, alhali duk abin da ke tsakaninka da ramin gefen hanya ɗan wurin da kowace taya ta taɓa kwalta ne, kuma tayar da take tsalle ba ta juya mota, ba ta tsayar da ita.

Manyan masu ƙera irin waɗannan motoci sun san da haka. Ferrari ta sa nata mamurɗin a sitiyari tun F430 a 2004, kuma motocinta suna da maballi na musamman don hanya mai gargada, wanda ke sassauta ƙafa ya bar inji da giya da zafinsu. Nasu shokabzoban na zamani ma wata dabara ce daban: mai ne da aka cuɗa da garin ƙarfe, idan aka sa masa maganaɗisun lantarki sai ya yi kauri nan take. A Amurka aka fara sa irinsa, a Cadillac Seville ta 2002. Hanya biyu, manufa ɗaya.

Muka sami wani fili a gefen daji muka yi alwala da ruwan gora, muka haɗa azahar da la'asar. Kafin mu tashi na shiga allon tsakiya na tsara Individual yadda na ga ya dace da yankin: inji da giya a Sport, shokabzoba mai laushi, salansa a rufe. Na rufe salansar ne da gangan. Ƙauyukan kwarin nan mutane ne ke zaune a cikinsu, da tsofaffi da jarirai, kuma duk ƙarshen mako babura da motoci irin tamu suna cika musu kunne. Mun ga alluna a bakin hanya ana roƙon masu wucewa su rage ƙara. Baƙon da ya zo yini ɗaya bai kamata ya zama abin da mai gida zai rufe taga dominsa ba.

Da muka koma B500 wajen Schliffkopf sai sama ta canza. A yankin nan ne guguwar Lothar ta kwantar da daji a ranar 26 ga Disamban 1999, aka bar wani ɓangare yadda ya faɗi don a ga yadda daji ke farfaɗowa da kansa, yanzu kuma yana cikin gandun da aka keɓe a 2014. Mun so mu sauka mu taka, amma hazo ya sauko, yayyafi ya biyo baya, kafin wani lokaci ruwa ya kankama. Ba a jima ba saƙo ya fito a gabana cewa hanya ta jiƙe, motar tana ba da shawarar a koma Wet. Na zaci daga waifa ta gane. Yaya ya ce a'a, wasu 'yan na'urorin sauraro ne a cikin ramin tayoyin gaba, suna jin ƙarar ruwan da taya ke watsawa. Shi ya sa ko an ɗauke ruwa, in kwalta na da jiƙa za ta sani.

Na murɗa zuwa Wet. Totur ya yi sanyi, ko ka taka ƙarfin a hankali yake zuwa, giya tana canzawa ba fizga, na'urar hana zamewa kuma tana shiga tsakani da wuri. Tayoyin bayan motar nan faɗinsu milimita 305 ne. A busasshiyar hanya faɗin alheri ne, a cikin ruwa kuwa taya mai faɗi ta fi saurin hawa kan ruwan ta rabu da kwalta. Ga doki 450, ga nauyi a baya, ga gangara. Ban ji kunyar tafiya a hankali ba ko kaɗan, kuma a cikin duk sunayen da ke jikin mamurɗin nan, wannan ne nake ganin ya fi ceton rai. Wani mai babur ya fake a ƙarƙashin itace yana jiran ruwa ya tsagaita, muka ɗaga masa hannu muka wuce.

A Freudenstadt muka sha kofi a ƙarƙashin rumfunan da suka kewaye dandalin kasuwarsu, wanda ya fi na kowane gari girma a Jamus. Ruwa ya ɗauke. Muka gangara Horb a bakin kogin Neckar muka hau A81 zuwa Stuttgart, hanya ta bushe.

A nan ne muka tarar da farin allon nan mai zagaye da baƙaƙen layuka a karkace, alamar an ɗage iyakar gudu. Ko a irin wurin hukuma na ba da shawarar 130, kuma wanda ya wuce haka ya yi haɗari yana iya ɗaukar wani kaso na alhaki ko da ba shi ya jawo ba. Yaya ya duba gaba ya duba madubi ya ce, "Yanzu danna mai taurin." Na danna, na taka. A gudu mai yawa doguwar gangara da hawa da ba ka ko lura da su a 100 sai su zama igiyar ruwa, mota mai laushi ta fara shawagi a kansu. Da ƙafa mai tauri kuwa ta manne, ta hau tudu ta sauka ta zauna sau ɗaya, canza layi kuma ya zama abu na ɗan motsin hannu. A nan maballin ya biya kuɗinsa. Na gwada wani maballi da ke tsakiyar mamurɗin ma sau ɗaya wajen wuce wata babbar mota: kana dannawa giya ta faɗo, turbo ya cika, komai ya tsaya a shirye na daƙiƙa 20, lamba tana ƙirgawa a gabanka, sannan ta koma yadda take.

Ban daɗe a can sama ba. A kilomita 200 a awa mota tana cin sama da mita 55 kowace daƙiƙa, sandunan gefen hanya kuwa tazarar mita 50 ke tsakaninsu, wato kafin ka ce "ɗaya" ka wuce guda. Kuma idan ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkawa. Babu wani suna a jikin mamurɗi da ke soke wannan lissafin. Kusa da Böblingen iyaka ta dawo, cunkoson yamma ya kama, motoci suka rabe hagu da dama suka bar fili a tsakiya don motar asibiti ko da babu ita a kusa, kamar yadda dokarsu ta ce. Na koma Normal, na sassauta ƙafa, motar da ɗazu take ruri ta riƙa kashe injinta a tsaye tana tayarwa kamar kowace.

Muka cika tanki da fetur mai lamba 98, muka mayar da ita. Ma'aikacin ya zagaya da tocila, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin hancinta, ya shafa bakin kowane rim, ya sa hannu a takarda.

A jirgin ƙasa na komawa gida hirar ta koma kan motocin da ake kawo mana na hannu. Yanzu da yawa daga manyan Mercedes da BMW da Audi da ke shigowa suna da irin wannan ƙafa mai lantarki, ko ta jakar iska. Idan ta lalace kuɗinta ya ninka na gama-gari, sai a cire a sa na gama-garin, a bar waya tana reto, wani lokaci a yi wa fitilar gargaɗi dabara ta mutu. Mai saye ya ga maballi ya yi murna, alhali ba ya haɗe da komai. Yaya ya ce gwajin ba wuya: a samu hanya mai ɗan gargada, a bi ta a hankali, a danna a sake, in jiki bai ji bambanci ba to akwai magana. A leƙa kuma a ga ko akwai waya da ke shiga kowane shokabzoba, a duba ko mai na tsatsafowa a jikinsa. Ya ce in na tashi saye in turo masa lambar shasi kafin in biya, zai duba mini irin ƙafar da motar ta fito da ita daga masana'anta.